Ƙiba da lissafin aikin ƙoda: wane nauyi za a sa?

Babban darasin da aikin asibiti ya koya mini game da masu ƙiba shi ne, ba kullum ne kilon da sikeli ya nuna ya kamata ya shiga lissafin aikin ƙoda ba. Kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa wanda muke aunawa a jini, daga tsoka yake fitowa, kitse ba ya samar da shi. Shi kuwa lissafin Cockcroft da Gault na ƙiyasta aikin ƙoda don auna magani, wanda aka fitar a 1976 bayan nazari a kan maza 249, tamkar ya ɗauka duk ƙarin nauyi ƙarin tsoka ne.

Ga yadda yake: a cire shekarun mara lafiya daga 140, a ninka da nauyinsa a kilo, a raba da kiriyatinin sau 72. In mace ce, a ninka da 0.85. Sai dai a kula, da mg/dL lissafin ke aiki. Idan ɗakin gwaji ya kawo sakamako da µmol/L, a fara raba shi da 88.4.

Mu ɗauki mace 'yar shekara 60, tsayinta santimita 160, nauyinta kilo 120, kiriyatinin 106 µmol/L, wato 1.2 mg/dL. Da nauyin sikeli, lissafin zai nuna ƙoda na tace mililita 94 a minti, kamar ƙodarta lafiya lau. Da nauyin da ya dace da tsayinta (kilo 45.5, a ƙara 2.3 kan kowane inci da ya haura ƙafa biyar, wato kilo 52.4) sai ya faɗo 41. Mace ɗaya, jini ɗaya. Wanda ya bi 94 zai iya cika mata magani irin jantamaisin har ya taɓa ƙoda da ji. Wanda ya bi 41 zai rage mata maganin ƙwayoyin cuta, ciwon ya ƙi tafiya, kuma wannan cutarwar ce aka fi mantawa da ita.

Abin da na fi yarda da shi shi ne daidaitaccen nauyi: a ɗauki nauyin tsayi, a ƙara masa kashi 40 cikin 100 na rarar da ke sama. A wurinta kilo 79.4 ke nan, lissafin ya koma wajen 62. Amma ba ko'ina ba. Magungunan hana daskarewar jini irin ribaroksaban da nauyin sikeli aka yi gwajinsu, don haka da shi ake lissafa su.

Sai eGFR, wato ƙiyasin yawan jinin da ƙoda ke tacewa, da ke fitowa a takardar sakamako. Lissafin CKD-EPI na 2021, wanda ake fitar da eGFR da shi, zai ba matar nan kusan 52, amma an daidaita lambar ne da jiki mai faɗin fata murabba'in mita 1.73. Nata faɗin ya kai 2.31. Don tantance matakin ciwon ƙoda, a bar 52 yadda take. Don auna magani, a ninka da 2.31 a raba da 1.73, za a samu kusan 69. Ganin 62 da 69 sun zo kusa da juna yana ƙara kwantar da hankali.

Sistatin C, wani sinadarin jini da ake ƙiyasta aikin ƙoda da shi, shi ma bai tsira ba, domin ƙiba, kumburi da magungunan sitiroyid suna ɗaga shi, sai ya nuna ƙoda ta lalace fiye da yadda take. Haɗa shi da kiriyatinin ya fi kowanne shi kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne mai ƙiba da eGFR ɗinsa ya yi kyau, aka sallame shi. A farkon lamari ƙodar mai ƙiba takan tace jini fiye da ƙima, lambar ta hau alhali matatun suna wahala. A gwada albumin, wato furotin da ke zuba idan matatun sun taɓu, a fitsari. Idan ya kai 30 mg/g kuma ya dawwama wata uku, akwai ciwon ƙoda ko da eGFR ya haura 90. Kuma duk waɗannan lissafe-lissafe ba sa aiki idan kiriyatinin yana hawa daga jiya zuwa yau. A nan sai a bi yawan fitsari, a maimaita gwajin jini.