Na bar gareji, ga abin da na fito da shi kan maganar sifana

To jama'a, ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a garejin da na yi koyo, kuma masu kawo mana Hilux da Land Cruiser da dama sun kira ni wai suna so su riƙa ƙananan aiki a gida, irin juyen baƙin mai da canjin birki, wane sifana za su saya. Amsar a haɗe take da dalilin tafiyata, don haka tare zan faɗa.

Ogana ya san inji, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba, amma in aka zo sayen kayan aiki hannunsa ba ya buɗewa. Soket, wato ƙoƙon ƙarfen da ake kifa wa kan noti a juya shi, mai milimita 24 ɗaya ne a duk garejin, mai haƙora 12, bakinsa ya riga ya lashe, kuma duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin Toyota ya san 24 ne ke kwance notin man aksul na baya, kan notin nan kuma gajere ne, abin da soket zai kama ɗan kaɗan ne, ga shi motar da ke keta laka da ruwa da damina notin kamewa yake yi. Na sha yi masa magana a sayo mai kusurwa 6, sai ya ce shi da adjostabul, sifanar nan da ake ƙara wa baki ko a rage, ya koyi aiki. Ranar da aka kawo wata Land Cruiser da ta sha hanyar Agadez na ce masa oga wallahi soket ɗin nan zai cinye kan notin, ya ce in zura fayif a hannun soket ɗin in danna. Na danna, ya zame, kai ya mulmule kamar kwabo, sai da aka kira mai walda ya liƙa wani noti a kai sannan ya fita. A gaban mai mota ya zage ni har da iyayena, wai hannuna ne ba shi da albarka, kuɗin walda ma a ɗan abin da ake sallamata da shi aka cire. Washegari sai ga sabon soket mai kusurwa 6 a akwatinsa, ya sa kwaɗo ya kulle, ni kuwa ko sannu. Abin nan har yanzu yana ci min rai.

Shi ya sa maganata ta farko, in za ka sayi soket ka sayi mai kusurwa 6, yana rungumar gefen noti ne gaba ɗaya, mai 12 kuwa a kan kusurwa yake taka ƙarfi, kuma nan ne ke fara cinyewa.

Kar a ruɗe ka da ƙaton akwati mai ƙyalli. Motar Japan lambobinta sanannu ne, 8, 10, 12, 14, 17, 19, da su za ka kwance kusan komai. Notin juyen baƙin mai 14, tayar Hilux 21, Land Cruiser mai noti biyar a taya 22, sai 24 ɗin nan. 13 na Fijo ne da motocin Jamus, in ka ga 13 a jikin Toyota to wani ne ya jefar da na asali ya cusa nasa, kuma kar ka kuskura ka ɗora 13 kan 12 wai ai ya kama, bai kama ba. Haka rabin inci, shi milimita 12.7 ne, ba 12 ba ne ba 13 ba ne. Masu Jeep da tsohuwar Land Rover ku ne za ku nemi na inci, Jeep har da masu bakin tauraro.

Mai Land Cruiser 70 ko 80, notin hob na gaba, wato cibiyar da taya ke zama a kai, 54 ne, ka saya ko sau ɗaya za ka yi amfani da shi a shekara, mu da cizil da guduma ake sa mu buga shi, sai ka ga noti duk sara, kuma ba yadda za a yi ka ɗaure boris daidai a haka.

Hannun soket mai bakin rabin inci don ƙafa da taya, mai 3/8 don cikin inji, kuma racet, wato hannun da ke juya soket ba sai an cire shi daga kan noti ba, ba a taka shi, dogon hannu ake sa wa noti mai taurin kai. In za ka juye man aksul, ka fara kwance notin zuba mai kafin na juyewa, kar ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi. Fayif ɗin birki sifanarsa daban ce, 10 mai tsaga a baki. A Ƙofar Ruwa ko Panteka, tsohon ƙarfe na Baljiyam ya fi sabo mai arha, ka tafi da noti a aljihu ka gwada, in yana rawa a ciki ka ajiye wa mai sayarwa kayansa. Lamba 10 kuwa ka sayi biyu ko uku, ita ce ta fi yawan aiki kuma ita ce ke faɗawa cikin yashi ta ɓace.