Mako na shida: shafin ya buɗe, amma tafiyar ta tona mu

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. Daren jiya, a ɗakina da ke Ƙofar Marusa, shafin farko ya buɗe a burauzar Tor, mai ɓoye sawun mutum a intanet, ta cikin saƙonnin XMPP, tsarin hirar nan da ya faro da sunan Jabber a 1999. Sai da shayina ya huce kafin ya gama buɗewa, amma dai ya buɗe.

Ga wanda bai bi mu tun farko ba: burinmu shi ne mu sa bayanan Tor su yi kama da hira, kada mai sa ido a layi ya gane su. Tor na miƙa bayanai ga ɗan shirin da na rubuta da Python ta hanyar SOCKS5, wata ƙa'idar miƙa bayanai ta hannun ɗan tsakiya. Shirin ya yanyanka su, ya mai da kowane yanki haruffa da base64, ya tura su kamar saƙon hira ta ƙofa ta 5222 zuwa sabar XMPP mai suna Prosody da na ɗora a tsohuwar kwamfutar yayana. A can ɗaya ɓangaren wani shirin ya harhaɗa su. Ku sa wa kowane yanki lamba tun farko. Ni ban sa ba, aka ɗauke wuta, layi ya yanke ya dawo, na kwana biyu ina neman inda wani yanki ya ɓace. Ashe XEP-0047, ƙa'idar XMPP ta tura bayanai yanki-yanki, ya tanadi wannan lambar tuntuni, har da shawarar yanki ya zama baiti 4096. Rashin karatu ne ya ja mini. Sannan base64 na mai da baiti uku huɗu, don haka mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya shirya.

Murnata ta koma ciki da na buɗe Wireshark, shirin da ke nuna abin da ke wucewa a layi. TLS, tsarin kulle bayanai, ya rufe abin da ke cikin saƙonnin, gaskiya ne, amma bai rufe girmansu da lokacin fitarsu ba. Wane ɗan Adam ne ke tura saƙo ɗari a minti ɗaya, duk girmansu ɗaya, ba tsayawa ba numfashi? Ko 'yan zauren biki ba sa haka. Kura ce da fatar akuya, amma tafiyarta ta kura ce. A 2013 masu bincike a jami'ar Texas da ke Austin sun nuna yadda ake gane SkypeMorph da ire-irensa, shirye-shiryen ɓoye bayanai masu kwaikwayon Skype. Na ɗauka na tsira tunda ainihin XMPP nake hawa, ba kwaikwayo ba. Ina!

Na gwada sa jinkiri da bambanta girman yankuna. Ya ɗan yi kama da hira, sai dai shafi ɗaya ya koma cin kusan kwatan awa. Yanzu na fahimci hikimar Snowflake, wata hanyar ɓoye Tor, da ya shiga rigar kiran bidiyo, inda yawan bayanai ba abin mamaki ba ne.

Mako mai zuwa zan raba yankunan tsakanin asusu uku, duk a sabar tawa. Ba na son ɗora wa sabar jama'a wannan kaya. Wanda ya iya slixmpp (kayan aikin XMPP na Python) sosai, don Allah ya leƙo ranar Asabar bayan La'asar.