Sashe na 55 ne ya raba kanmu a gaban mutanen gwamnati

Wallahi har yanzu abin na ci min rai. Ƙungiyarmu ta ma'aikatan masana'anta ce ta tura ni taron jin ra'ayi kan gyaran dokar ƙwadago, in yi magana da yawun mata. Hutun haihuwa kam ɓangarenmu baki ɗaya ne, sati 12 da rabin albashi na dokar 1971 ya yi kaɗan, tunda matan gwamnatin tarayya sati 16 suke samu.

Sashe na 55 ne ya ɓallo ruwa, wanda ya hana mace aikin dare a masana'anta, tsakanin 10 na dare da 5 na asuba, in ka cire nas-nas da masu muƙamin manaja. Na miƙe na ce a soke shi, da shi ake fakewa a ƙi ɗaukar mata wai ba za su yi dutin dare ba, alawus ɗin dare kuma maza kaɗai ke kwasa. Ko zama ban yi ba wata baiwar Allah daga wani reshenmu, ƙungiya ɗaya fa, ta karɓi makirfo ta ce a bar shi yadda yake. Ta ce, "Hajiya ke kina da mota, ni in aka tashe ni ƙarfe 4 wa zai kai ni gida, ko adaidaita babu a titi." Kuma fa gaskiya ta faɗa, shi ya fi ƙona min rai, don da a ofishinmu ta faɗa da mun daidaita kafin shayi ya huce.

Wakilin masu kamfanoni sai murmushi yake, mai ɗaukar bayani ya rubuta wai ƙungiyoyi ba su cimma matsaya ba, shikenan layi ɗaya aka wuce.

Duk wadda aka tura irin wannan zama, don Allah ki fara tara matan da ke kan inji ki ji ta bakinsu, ba shugabannin reshe kawai ba, sannan ki tafi da takarda mai sa hannu. Tamu ta yanzu cewa ta yi a cire haramcin amma sai da yardar mace, kamfani ya ba da motar kai da ɗauko, kada a tilasta mai ciki ko mai shayarwa. Mun kafa hujja da yarjejeniyar ILO, wato Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 190 da Najeriya ta amince da ita a 2022, don kariyarta daga cin zarafi ta haɗa har da hanyar zuwa aiki da komawa gida. An dai karɓa an buga mata hatimi, amma wancan layin yana nan a rahoto.