Yadda na rarrabe lambar 4,294,967,297 da biro da takarda

Lambar da na zaɓa na bincika da hannu ita ce 4,294,967,297, wato abin da ake samu idan an ninka 2 da kanta har sau 32 sannan a ƙara 1. Tana cikin jerin lambobin Fermat, wanda ya fara da 3, 5, 17, 257 da 65,537. Duka biyar ɗin nan ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, shi ya sa masanin lissafin nan na Faransa, Pierre de Fermat, ya yi zaton sauran ma haka suke, har zuwa 1732 lokacin da wani masanin lissafi, Leonhard Euler, ya nuna cewa ta shida, wato lambar tamu, tana rabuwa.

Gwaje-gwajen farko ba su ɗau lokaci ba. Lambar mara ce, tana ƙarewa da 7, don haka 2 da 5 sun fita. Jimlar alƙalumanta 59 ce, saboda haka 3 ma ba ta raba ta. Daga nan aikin ya yi nauyi, domin gwaji ɗaya bayan ɗaya zai iya kai mutum har 65,536 kafin ya yanke hukunci.

Abin da ya rage mini wahala shi ne ƙa'idar da Euler ya tabbatar, cewa duk lamba marar rabuwa da za ta raba wannan lamba dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin 1. Da na jera su na cire masu rabuwa, sai 193, 257, 449, 577 da 641 suka zo a sahun gaba. Ita 257 na tsallake ta, tunda lambobin Fermat guda biyu ba sa tarayya a mai raba su.

Ban yi doguwar rabawa ba, ragowa kawai na riƙa bi. Ga yadda ta kasance da 641: ninka 2 da kanta har sau 8 ya ba da 256, na ninka 256 da kanta na sami 65,536, wadda ragowarta 154 ce, na sake ninka 154 da kanta na sami 23,716, ragowa 640, wadda ita ce ragowar 2 da aka ninka da kanta har sau 32. Da aka ƙara 1 sai ga 641 cif, babu saura. Layuka uku ke nan a takarda, kuma a ganina wannan dabara ta fi amsar kanta daraja, domin ɗalibin da ya iya ta ba zai ji tsoron lamba mai alƙaluma goma ba.

Abokiyar 641, wato abin da ake samu idan an raba lambar da ita, ita ce 6,700,417, wadda ita ma ba ta rabuwa. Masu raba lambar tamu huɗu ne ke nan, kuma idan an tara ukun da ba su kai ta ba za a sami 6,701,059 kacal, abin da ya sa ta cikin rukunin lambobi masu gibi, wato waɗanda irin wannan jimlar tasu ba ta kai su ba. Na kuma tabbatar da cewa ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu (murabba'i shi ne lamba da aka ninka da kanta) ta hanya biyu: na 65,536 da na 1, ko na 62,264 da na 20,449. Lamba marar rabuwa ba ta karɓar irin wannan rubutu fiye da hanya guda, saboda haka wannan hujja ce ta biyu mai zaman kanta, wadda ba ta buƙaci a san 641 ba.