Rahoton mako na shida: kifin da na zuƙe wa iska

'Yan'uwa masu koyon kyafa kifi da adana shi, ga inda na tsaya a wannan karon. Na kyafa kifin teku guda shida, na zuba rabi a leda na ɗaure bakinta, sauran kuma na zuƙe musu iska da na'ura na manne ledar, sannan na ajiye duka a firji.

Na ledar da na ɗaure shi ne ya fara lalacewa, kuma laifina ne, domin na ƙulle shi da sauran ɗuminsa. Washegari na tarar gumi ya taru a jikin ledar daga ciki, a rana ta biyar kuwa fatar ta yi yauƙi, wari ya tashi. Wannan aikin ƙwayoyin bakteriya ne masu son iska da danshi, irin su Pseudomonas, kuma suna da kirki ta fuska ɗaya: hanci yana gane ɓarnarsu tun kafin a kai loma baki.

Wanda na zuƙe wa iska shi ne ya hana ni sukuni. Bayan kwana goma sha biyu launinsa bai sauya ba, ƙamshin hayaƙinsa ma yana nan, amma ban ci ba. Cire iska yana danne ƙwayoyin da ke sa wari, sai dai yana buɗe fili ga wata ƙwayar bakteriya mai fitar da guba mai haɗari, wato Clostridium botulinum nau'in E, wadda ake samu a lakar ƙarƙashin ruwa da hanjin kifi, take girma inda babu iska tun daga kusan digiri 3 a ma'aunin Selsiyos, kuma gubarta ba ta sauya wa kifi kamanni ko ƙamshi. Da na sa ma'aunin zafi a firjina, digiri 7 ya nuna. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta taƙaita ajiyar irin wannan ƙunshi zuwa kwana 10 a irin wannan sanyi idan babu wata kariya ta daban, takwararta ta Amurka kuwa tana neman gishiri kashi 3.5 cikin ɗari a ruwan da ke jikin kifin. Ni da ido na zuba gishirina, saboda haka na zubar da ƙunshin duka, ko da yake abin ya yi mini ciwo.

A mako mai zuwa zan auna gishiri da sikeli, in bar kifin ya huce sarai, in rubuta kwanan wata a jikin kowace leda, in sa ta a firiza. Ranar da zan narkar da ƙanƙarar kuma, sai na fara yanke bakin ledar tukuna domin iska ta shiga.