Kwalin taliya ya ci mini akwatin kifi

Har yau in na ga an cusa kwali ƙarƙashin ƙafar tebur sai gabana ya faɗi.

Akwatin gilashin da na sa aka haɗa mini a Kano tsawonsa santimita 150 ne, faɗi 50, tsayi 60. Yana cin lita 450, wato jarka 18 ta 'yan ga-ruwa. Kowace lita kilo ɗaya ce, gilashin kansa mai kaurin milimita 12 ya kusa kilo 95, ga yashi da duwatsu. Duka dai kamar a jibge buhun siminti 12 ne a kusurwar falo. Wannan lissafin na yi shi daidai, shi ya sa na ƙi yi masa teburin katako, ga tsoron gara kuma. Na sayi fayif ɗin ƙarfe mai kusurwa huɗu na inci biyu, na zana ƙafa shida, na kai wa wani mai walda a wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, na tsaya kansa har ya gama, aka shafe da jan fenti saboda tsatsa. Mutum huɗu muka hau kai, ko gezau.

Da muka kawo gida sai ƙafa ɗaya ta gaba ta ƙi taɓa ƙasa. Tazarar ba ta wuce kaurin fensir ba. A kan turɓaya aka yi waldar, kuma zafin walda yana jan ƙarfe. Daɓen falon ma ashe magina sun karkatar da shi wajen ƙofa don ruwan wanki ya riƙa fita. Na kira mai waldar, ya ce, "Alhaji, in nauyi ya hau ai zai zauna da kansa." Na yage kwalin taliya, na ninka huɗu, na cusa.

Ya kuwa zauna. Kwalin ya sha ruwan da ya zuba wajen cikawa, ya lotse, kusurwar ta bi shi ƙasa, firam ɗin ya ɗan murɗe. Ƙarfe yana jure murɗa, gilashi ba ya yi. Na ma lura ruwan ya fi kusa da baki ta gefe ɗaya, na ce idona ne. Daren na uku, wajen ƙarfe biyu, muka ji ƙas! Kafin in lalubo tocila ruwa ya kai ƙofar ɗakin yara. Gindin akwatin ya tsage daga wannan kusurwar har tsakiya. Kafet, littattafan da ke ƙasan kanta, buhun shinkafa da aka jingine, duk sun tafi. Sa'a ɗaya, ban zuba kifin ba tukuna, suna cikin baho. Uwargida tana kwasar ruwa da faranti ta ɗago ta ce, "Malam, a Katsinar da muke sayen ruwa ka kawo mana ambaliya." Ban ce uffan ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙarfen bai yi komai ba. Shi ne dai nake amfani da shi yanzu. Kuɗin sabon gilashi da na mota daga Kano ya ninka na teburin sau da yawa, duk saboda kwali.

A karo na biyu na aro ma'aunin lebur na magina, mai ɗigon ruwan nan, na gwada tsaye, na gwada kwance, na gwada kusurwa zuwa kusurwa. Aka walda faffaɗan ƙarfe a tafin kowace ƙafa don kada ta fasa tayil, aka ƙara sanda a gicciye ta baya, inda ya rage tazara na cike da siraran ƙarfe. A sama filawud mai milimita 18, sannan farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji. Kar dai a ruɗe, soson nan tsakuwa da ƙananan ƙuraje yake shanyewa, ba ya gyara teburin da ya karkace.

Ruwan ma jarka huɗu-huɗu na riƙa zubawa, ina auna tazararsa da baki a kowace kusurwa da rula. Kwana biyu na ɗauka. Mai ruwan ya gaji da ni har ya tambaya ko magani nake haɗawa. Wata bakwai ke nan, kuma har yanzu in na tashi sallar asuba sai na shafa ƙasan wannan kusurwar da tafin hannu kafin in fita masallaci.