Gidan haya a Agege: kuɗin da ake karɓa daban, wanda ke zama a aljihu daban

A 2021 na sayi wani tsohon gida a Agege da ke Legas, ciki da falo guda shida, kan naira miliyan 30. Dillali ya buga min lissafi a tsaye: kowane ɗan haya dubu 400 a shekara, miliyan 2.4 ke nan, wato kashi 8 cikin 100. Ya ce, "Alhaji, kafin ka ankara uwar kuɗinka ta dawo."

Ashe tun daga uwar kuɗin muka kuskure. La'adar dillali, kuɗin lauya, awon fili, neman sahalewar gwamna, sabon kwanon rufi da wayoyin wuta, sai da suka kai ni miliyan 36. A kan wannan adadin ake auna riba.

Sai abin da ke zurarewa kowace shekara. Ramin masai na saurin cika da damina, mota kan zo kwashewa sau biyu. Ga harajin filaye na jihar Legas, ga kashi 10 na mai kula da gida, ga fenti duk lokacin da wani ya tashi. Wanda ya fi ciwo shi ne ɗan hayan da ya daina biya. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ba mai biyan shekara notis na wata shida, sai na kwana bakwai, sannan kotu, kuma duk tsawon lokacin sisi ba ya shigowa. In kuwa sahu ɗaya kuke sallah, ko maganar ƙarin haya ma nauyi take yi a baki.

Da na fitar da komai, miliyan 1.5 ta rage. Kashi 4 da 'yan kai ke nan, shekara 24 kafin jari ya dawo. A 2024 kuwa hauhawar farashi ta haura kashi 30. Haya sau ɗaya ake yanke ta a shekara, siminti kuwa ba ya jiran kowa.

Darajar filin ta tashi, amma a naira. Dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Yanzu haya ta wata goma kawai nake ƙirgawa kowace shekara, ta wata biyun kuma tana asusun gyara.